Tambaya da Amsa: Yarona Ya Cika Min Ɗaki da Tsakuwa

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ambata a fitowar da ta wuce cewa ina tara duwatsu ina goge su tun ina yaro, saƙonni suke ta shigowa, wasu ta waya wasu ta Facebook, har na rasa da wanne zan fara. Ashe muna da yawa, kowa dai yayi shiru ne da gwangwaninsa a ƙarƙashin gado. Na zaɓo guda biyar, sauran sai wani jiƙon in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Yarona ɗan shekara 11 ne, kullum in zan wanke masa yunifom sai na zazzage tsakuwa daga aljihu, ƙarƙashin gadonsa kuwa gwangwanin madara uku ne cike da duwatsu, na zubar na zubar har na gaji. Yanzu kuma ya ga wani bidiyo a YouTube wai akwai injin da ake zuba duwatsu yayi ta juyawa su fito suna ƙyalli kamar alewa, ya tasa ni gaba sai na saya masa, babansa yace shirme ne. Wai da gaske ne ko haɗin bidiyo ne kawai? In da gaske ne ya ake yi? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko dai don Allah ki daina zubar masa. Nima haka na fara, a Bukuru na tashi gefen tafkunan da haƙar kuza ta bari, in anyi ruwan sama an ɗauke sai mu fita mu bi inda ruwa ya zaizaye ƙasa muna tsintar farare da masu ruwan zuma, kuma har yau in na tuna gwangwanin da aka zubar min ranar wata sharar sallah sai naji abin a raina, don akwai guda ɗaya a ciki mai gefe shida kamar fensir, garau, kana hango yatsanka ta cikinsa, ban sake samun irinsa ba. Yaron da zai sunkuya ya ɗauki abu a ƙasa yana son sanin menene, ba shirme yake ba. Ki gaida min babansa kice ina nema wa yaron alfarma.

Injin gaskiya ne. Turawa na ce masa tambula, wato mai juyi, kuma a Amurka abin ya fi karɓuwa, can har ƙungiyoyi gare su na masu tsintar duwatsu, duk shekara kuma ana babban baje koli a garin Tusan na jihar Arizona wanda aka fara tun 1955. Ba wani abin mamaki a jikinsa, 'yar ganga ce ta roba mai murfi a kwance kan sanduna biyu, ɗan moto na lantarki yana juya ta a hankali dare da rana. Aikin da kogi yake yi wa dutse shekara aru-aru har ya zama sumul, shi ake gaggautawa kawai. Abinda bidiyon bai nuna wa yaron ba shine lokaci, shi minti uku ya kalla, amma aikin wata ɗaya ne zuwa wata ɗaya da rabi, in ma komai ya tafi daidai kenan.

Ga yadda ake yi. Ana zuba duwatsu har su kai kashi biyu cikin uku na gangar, manya da ƙanana a gauraye, babban ciki kar ya wuce goro, don ƙananan su ne suke shiga lungun manyan suna kai musu guga. A zuba ruwa ya tsaya dab da saman duwatsun kar ya shanye kansu. Sai garin guga, wanda shine sirrin duka, sunansa silikon kabaid, baƙi-baƙi ne yana ɗan walƙiya kuma ya fi duk dutsen da za ki zuba tauri. Kamar cokali biyu na cin abinci a kan kowane rabin kilo na dutse. Lamba-lamba yake zuwa kamar sanfefa. Ana farawa da mai kaushi, lamba 60/90, shine mai cinye kaifi da kusurwa, a rufe a barshi yayi sati yana juyi. In an buɗe za ki ga ruwan ya koma kamar kunu mai ruwan toka, a wanke a duba su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ke da rami ko tsaga ya koma wani satin da sabon gari, ni akwai waɗanda sai da suka yi sati huɗu a wannan matakin kaɗai, kuma kar yaron ya tsorata in ya ga sun rame, dutse yana iya rasa rubu'in jikinsa a nan. Daga nan sai lamba 120/220 sati guda, sai 500 sati guda, na ƙarshe wani farin gari mai laushi kamar hoda, aluminiyam oksaid, shine mai fito da ƙyallin.

Abu biyu nake so ki riƙe. Na ɗaya wanki tsakanin mataki da mataki, da tsohon buroshin haƙori, dutsen da gangar da murfin har bakin robar, don ƙwaya ɗaya ta garin farko in ta laɓe a rami ta shiga mataki na ƙarshe to ta gama karce su duka. Na biyu wancan kunun kar a kuskura a zuba shi a magudana. Ni na taɓa yi a farkon farawata, na juye a banɗaki na kora da ruwa ina ganin shikenan, bayan 'yan kwanaki ya daskare a bututun kamar siminti sai da aka fasa. A bokiti ake tarawa ya kwanta, a tsiyaye ruwan, lakar ta bushe a zubar a bola.

Sannan ba kowane dutse ne yake goguwa ba, nan ne yaron zai fara koyon ilimin gaske. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai a 1812, daga 1 zuwa 10, lamba 10 shine daimon. Farcen mutum wajen biyu da rabi ne, wuƙa da kwalba wajen biyar da rabi, dutsen ƙanƙara wanda masana ke ce wa kwaz shi 7 ne. To gwajin mai sauƙi ne, a karta dutsen da ƙusa ko bakin wuƙa, in ya karcu yana fidda gari a ajiye shi gefe ba na inji bane, in kuwa ƙarfen ne ya bar zane a jikinsa kamar na fensir, ko shi dutsen ya karce kwalba, wannan ne ake nema. Ƙanƙara da danginta, aƙiƙ irin na zoben da alhazai ke kawowa tsaraba, jan dutsen jasfa, su ne masu fitowa kamar an shafa musu mai. Marmara da dutsen yashi da farar ƙasa narkewa kawai za suyi su ɓata sauran. Tsakuwar kankare da tifa ke kawowa ma bata cika yin kyau ba, don ma'adinai uku ne ko fiye a cakuɗe, wani ya fi wani laushi, sai ta fito da ramuka.

Amma in shawarata za ki bi Hajiya, kar ki sayi injin yanzu. Ki je wajen masu sayar da kayan fentin mota ki sayi sanfefar ruwa, lamba 220 da 400 da 600 da 1000 da 2000, ki bashi kwano da ruwa ya zaɓi dutse ɗaya tak mai ɗan faɗin fuska ya goge da hannu daga mai kaushi zuwa mai laushi, kullum a jiƙe, kar ya goga a bushe saboda ƙurar dutse tana illa ga huhu. Da hannu kakanni suka yi, jan dutsen lantana da fataken Hausawa suke saukowa da shi ta kogin Kwara zuwa Ilori ai a kan dutsen niƙa ake goge shi ana huda shi ya zama tsakiyar wuya. Ki haɗa masa da kiret ɗin ƙwai guda biyu da littafin rubutu, kowane dutse rami ɗaya da lamba, a littafin ya rubuta lambar, inda ya tsinta, da ranar. In an yi wata uku yana nan bai watsar ba, to ya ci injin.

TAMBAYA: Malam ni na riga na sayo injin ta intanet, na bi duk abinda takardar tace, sati huɗu cif, amma da na buɗe suna jiƙe suna da kyau, suna bushewa sai suka koma dusu-dusu kamar an barbaɗa musu toka. Kuma wutar unguwarmu sai a hankali. Kuɗina ne ya tafi ko akwai gyara? Daga wani matashi a Kaduna.

AMSA: Ƙanena kuɗinka bai tafi ba, kuma ina ganin ka faɗi matsalar da bakinka a jimlar ƙarshe. Sati ɗaya da takardar ke nufi awa 168 ne na juyi ba tsayawa, don masu rubuta ta suna inda wuta bata ɗaukewa. In wutar ku awa 8 ce a rana to satinka ɗaya kwana 21 ne, matakai huɗu kwana 84, kusan wata uku kenan. Kai kuwa ka ƙirga kwanakin kalanda, kaga kowane mataki sulusin aikinsa kawai yayi ka wuce gaba. Ka samu takarda ka liƙa a bango kana rubuta awoyin da ya juya. In kana da sola da inbata ma ya fi, ƙaramin injin bai kai fankar sama cin wuta ba, sai dai ƙararsa, kar ka ajiye shi kusa da ɗakin tsofaffi. Kuma duk sanda wuta ta daɗe bata zo ba, kafin ka kunna ka ɗauki gangar ka girgiza ta sosai, don garin yana kwanciya ya cure a ƙasa, in ya cure duwatsun su manne waje ɗaya suna zamewa a dunƙule ba guga.

Ka duba wasu abubuwan kuma. Ka haɗa masu laushi da masu tauri? Ka wanke gangar tsaf kafin farin garin? Sannan bayan matakin farko duwatsun sun rame, in gangar ta koma rabi to sama suke tashi suna faɗowa kan juna suna fasa wa juna fuska, shine wannan fari-farin da ake gani a gefuna, sai an cike gurbin da ƙananan tsakuwar ƙanƙara da aka riga aka goge ko 'yan ƙwayoyin tangaran da ake sayarwa don haka. Akwai kuma abinda na lura da shi a ƙananan injunan yara, farin garin da suke haɗowa da shi a leda sau da yawa bai kai laushin da zai bada ƙyalli ba, sai ka nemi na kirki daban. Ka maida su lamba 500 suyi awoyinsu cikakku, sannan farin gari, a ƙarshe ka juya su na 'yan awoyi da ruwa da ɗan kankaren sabulun wanka mara turare, zai fidda sauran dattin. Kar ka shafa musu man gyaɗa ko basilin don ka ɗauki hoto, kanka kawai za ka ruɗa.

Wani ya tambaye ni ko yashin kogi zai maye gurbin garin tunda yana da tsada. Ba zai yi ba, yashi ai kwaz ne shima, taurinsu ɗaya da abinda kake son gogewa. Masu shirin saya kuma ku duba bayan injin, na Amurka da yawa wutar 110 zuwa 120 suke ɗauka, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, ka jona kai tsaye ya ƙone nan take.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce, ƙauyenmu yana wajen Bajoga. Ƙanena ya tsinto wani dutse a nannaɗe kamar ƙahon rago, girman tafin hannu, jikinsa da zane kamar ganye. Kakarmu tace maciji ne aka tsine masa ya zama dutse, a fitar mata da shi daga gida. Menene shi? Zan iya sa shi a irin injin da kake faɗa yayi ƙyalli? Daga Gombe.

AMSA: 'Yata, ki rufa min asiri kar ki sa shi a inji. Abinda ke hannunki ya fi duk tsakuwar da na goge a rayuwata daraja a wajena. Yadda kika siffanta shi amonayit ne, wata halittar teku ce mai ƙwanso, dangin halittar tekun nan mai hannu takwas da Turawa ke ce wa oktofus, tana zaune a ɗakin ƙarshe na bakin ƙwanson, sauran ɗakunan na ciki kuma da su take daidaita nutsewa da tasowa. Wancan zanen kamar ganye da kika gani shine inda bangon kowane ɗaki ya haɗu da ƙwanson waje, kuma da shi masana suke bambance iri da iri. In ta mutu ta kwanta a laka, laka ta cika ɗakunan, wata lakar ta hau kai, a hankali duka su zama dutse. Sunan ma daga ƙahon ragon ya samo asali, wani abin bautar Misirawan da ne mai suna Amon da ake zana shi da ƙahon rago. Kuma ki faɗa wa Kaka ba ita kaɗai ta taɓa tunanin maciji ba, mutanen garin Witbi a Ingila haka suka ɗauka shekaru da yawa, har sassaƙa musu kan maciji suke yi suna sayarwa.

Za ki ce teku a Gombe? Eh teku. Wajen shekara miliyan 90 da suka wuce ruwan teku ya shigo ta kwarin Binuwai ya haura har ya ratsa inda Sahara take yau, kuma farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka ana yin siminti da ita lakar ƙasan wannan tekun ce, shi yasa ramin haƙar Ashaka sananne ne a wajen masana amonayit na duniya. Ba nan kaɗai ba, can ƙasar Sakkwato ma teku ya kwanta daga baya, farar ƙasar Kalambaina cike take da ƙwanson halittun ruwa, kuma a yankin Goronyo an samu ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku wanda a 1972 masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, sunan garin ne a jikinsa. Duk sanda na tuna wannan sai naji tsigar jikina ta tashi, mutum yana noma gero a inda irin wannan halitta tayi iyo, ikon Allah kenan. Su amonayit sun ƙare ne shekara miliyan 66 baya, lokaci ɗaya da dainoso, wato manyan dabbobin nan na zamanin da can, dangin kada da tsuntsaye.

Dalilin da yasa nace kar ki sa a inji, yawancin irin waɗannan jikinsu farar ƙasa ce, taurinta 3 ne kacal, kwana biyu a cikin garin guga zanen ya tafi, sati guda ki tarar da dunƙulen banza. Abinda yake so buroshin haƙori mai laushi ne da ruwa, in akwai laka a lungu ki bi da tsinken sakace ko allura a hankali, ki barshi ya bushe a inuwa. Kar ki jiƙa shi a lemon tsami ko binega, suna cin farar ƙasa, ruwan batir kuwa ko kusa. Kar ki shafa fenti ko banish. Itacen da ya zama dutse kam a cikin irin waɗannan yana jure inji, don shi kwaz ne ya maye gurbin itacen.

Abu mafi muhimmanci, yau ɗin nan ki zaunar da ƙanenki ya faɗa miki takamaimai inda ya ɗauka, bakin wane rafi, gabas ko yamma da gari, a saman ƙasa yake ko a jikin gaɓa, ƙasar wurin fara ce ko baƙa-baƙa, ki rubuta a takarda da kwanan wata ki naɗe tare da shi. Masani in ya ga irin wannan tambayarsa ta farko daga ina, in babu amsa to rabin amfaninsa ya tafi. Ki ɗauki hoto da biro a gefensa don a ga girma, ki kai sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa da ke, za su faɗa miki sunan irinsa. Amma kar sha'awa ta ja ku cikin ramin haƙa, wurin kamfani ne, ana fasa dutse da nakiya ga manyan motoci, sai da izini da rakiya, makarantu suna nema a hukumance. Ko a bakin rafi ma kar ku tsaya ƙarƙashin gaɓa mai tsayi da damina, kuma dutse in za a ɗaga a fara juya shi da sanda saboda kunama da maciji na gaske. Ita kuma Kaka a lallaɓa ta, in ranta bai kwanta ba ki ajiye shi a ɗakinki ko a makaranta, ba abin jayayya da tsohuwa bane.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne ina zuwa Agadas. Wani ya nuna min haƙora manya baƙaƙe a tsumma yace na dainoso ne daga Tenere, yace in na kai Kano ko Legas Turawa za su saya da tsada. In saya? Daga Maraɗi.

AMSA: Alhaji kar ka saya. Ba wai don ƙarya yake ba, zai iya yiwuwa na gasken ne, don ƙasarku tana cikin wuraren da suka fi ko'ina arzikin irin wannan a Afirka. A Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas, Bafaranshe Philippe Taquet yayi aiki tun shekarun 1960, daga baya Ba'amurke Paul Sereno ya zo da tawagarsa. Daga nan aka fito da Sarcosuchus, wani dangin kada da ya haura mita 9, kansa kaɗai ya fi mita ɗaya da rabi, da Suchomimus mai dogon baki mai cin kifi da aka sa wa suna a 1998, da Nigersaurus a 1999, mai cin ciyawa mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, duk sun rayu wajen shekara miliyan 110 baya lokacin da wurin koguna ne da dausayi. Can wajen Ingal kuma aka samu Jobaria, wani ƙaton dainoso mai dogon wuya.

Matsalar biyu ce. Doka ta hana fitar da irin waɗannan daga Nijar ba izinin hukuma, dukiyar ƙasa ce, a kama ka da su a kan iyaka kaga ka jawo wa kanka abinda jarinka ba zai iya ba. Na biyun shine wanda ya fi damuna, mai tsinto haƙori don sayarwa ba ya tsayawa kan wanda ya faɗo, muƙamuƙin yake fasawa ya ɓalle haƙoran ya bar sauran iska da yashi su cinye, ƙashin da ya kwanta lafiya shekara miliyan ɗari ya lalace a yini ɗaya, kuma duk wanda ya saya ya tura shi ya koma ya fasa wani. In sha'awar gani ce, in ka shiga Yamai ka ware awa biyu ka kai iyali gidan tarihi na Boubou Hama, akwai rumfar ƙasusuwan dainoso, ka tsaya kusa da su ka ga tsawonka a ina ya tsaya.

TAMBAYA: Malam na tsinci wani dutse a gona yana ƙyalli ruwan gwal, nauyi gare shi, abokina yace in daka shi a turmi in wanke in gani ko zinari ne. Wai ma ana samun kuɗi a wannan harkar taku? Daga wani manomi a Bauchi.

AMSA: Malam don girman Allah kar ka daka shi a gida, kar ka kai shi injin niƙa, kar ya shiga turmin da ake daka abinci. Abinda ya faru a Zamfara a 2010 kenan, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana kawo dutsen zinari cikin gida ana dakawa ana niƙawa ashe cike yake da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki, yara sama da 400 suka rasu, wasu da suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Dutse mai nauyi mai ƙyallin ƙarfe irin wanda ka faɗa shine ainihin wanda nake tsoro, ko dutsen kwalli da muka sani ma dalma ce a cikinsa. Ka ajiye shi a leda inda yaro ba zai kai ba, ka wanke hannu da sabulu in ka taɓa, kuma irinsa baya shiga injin guga.

Gwajin baya buƙatar turmi. Ka samu fasasshen tayil ka goga dutsen a bayansa inda ba santsi. Zinari zanen rawaya yake bari, wanda ake ce wa zinarin wawa kuwa, wato fairayit, zanensa baƙi ne mai ɗan kore. Ka danna bakin wuƙa, zinari laushi gare shi zai lotsa kamar dalma, fairayit ba zai karcu ba, kuma sau da yawa za ka ganshi da kusurwoyi kamar 'yan akwatuna. In kuwa yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa to maika ce, ta cika ƙasar Bauchi da Filato. Cikin waɗanda ake kawo min da wannan zancen kusan duka ɗayan biyun nan ne.

Maganar kuɗi kuma gaskiya zan faɗa maka, tsakuwar da aka goge a inji kwalliya ce, ta maƙallin mukulli da abin wuya da kyauta ga yara, da ƙyar take maida kuɗin gari da wuta. Duwatsu masu tsada akwai su a ƙasar nan, safaya a tsaunin Mambila, tomalin da akwamarin a Nasarawa, tofaz a Filato, amma wannan haƙar ma'adinai ce, dokar 2007 ta tanadi sai da lasisi, sana'a ce daban da tata wahalar da haɗarinta, ba ita muke yi a wannan filin ba. In ka gwada tayil ɗin ka ga rawaya, ofishin hukumar binciken ƙasa ta tarayya za ka nufa da shi a ledarsa.

Wanda ya turo hoton baƙin dutse mai santsi mai baki kamar gatari daga Kafancan, na gani, da alama gatarin aradu ne, kuma ba aradu ce ta jefo shi ba, mutanen da ne suka wasa shi da hannunsu suna sara da shi, kayan tarihi ne, mutanen gidan tarihi na Jos za su so su ganshi. Amma hoton yayi duhu, ka sake ɗauka da rana, gaba da baya da gefe, ka ajiye kwalin ashana kusa da shi, ka kuma rubuto min a ina ka same shi.